Niƙan Madubi a Akoka

Wata bakwai ke nan ina niƙa gilashi.
Inna ta ce, "Barira, digiri na biyun ne
ya mayar da ke bakin dutsen niƙa?"
Ban musa ba.
Tura, jawo, juya kaɗan,
ruwa da garin gugan ƙarfe a tsakani,
yadda ita ma ta yi wa gero a Gumel
kafin jirgin ƙasa ya sauke ta a Agege.
Ita gari take nema,
ni kwari nake fafewa,
kwarin da ido zai rantse babu shi,
don hasken da ya baro gida tun ba a haifi kakan kakana ba
ya sami masauki.

Dakta Adegbite ba ya son kalmar "kusan".
In na faɗe ta sai ya zare tabarau:
"Raba silin gashi gida dubu.
Kuskurenki kada ya kai kashi ɗaya."

Legas kuwa ba ta iya tsayawa cik ba.
Tirela ta hau gada, teburin awo ya ji a jikinsa.
Janareton maƙwabta ya yi tari,
layukan haske su kama rawa a allo.
Sai na mayar da aikina ƙarfe ukun dare,
lokacin da danfon ƙarshe ya kwanta,
na farko bai tashi ba,
in riƙe numfashi,
don ɗumin bakina ma yana kumbura gilashi.

A wata na biyar ƙwayar rairayi guda,
ban san ko daga takalmin wa ba,
ta ja wa madubin layi kamar tsagen fuska.
Mako uku suka zube.
Na yi kukana a bas, daga Yaba har Oshodi,
wata mata ta miƙo mini ruwan leda, ba ta tambayi dalili ba.

Ga iskar teku da gishirinta tana lasar fentin azurfa,
ga funfuna tana gina gida a kan tabarau.
Kowa da abin da yake so ya ci daga aikina.

Injin da zai riƙa juya bututun yana bin sama
shi ma ya ƙi ni, yana saurin minti biyu.
Na kai wa Baba a rumfarsa ta gyaran agogo, gefen layin dogo.
Bai san lissafina ba.
Ya kara kunne, ya daɗe,
ya ce, "Haƙori ɗaya ne ke cizon ɗan'uwansa."
Da gaskiyarsa.

Daren gwaji muka hau rufin sashe,
ni da Malam Ɗan'azumi maigadi, shi ya ɗauki ƙafafun.
Sama ta yi ja da fitilun Ikoyi,
gajimare ya shimfiɗe, sauro ya samu kasuwa.
Muka jira har shayin fulas ya huce.
Can wajen ƙarfe ɗaya
sama ta yage kaɗan, kamar bakin buhu.

Na saita. Hannuna na rawa.
Kaza da 'ya'yanta.
Ba jela, ba dishi-dishi,
kowane tauraro tsaf kamar kan allura.

Ban yi magana ba, na matsa masa.
Ya cire hula, ya sunkuya, ya rufe ido ɗaya.
"A garinmu shida muke ƙirgawa,
mai kaifin ido ya ce bakwai."
Ya yi shiru, leɓɓansa na motsi.
"Talatin da... ah.
Ashe ta sake ƙyanƙyasa, ba wanda ya gaya mana."

Minti huɗu, gajimare ya ɗinke.
Na rubuta lokaci, zafi da danshi a littafi,
na bar layin bayani fari.
A ƙasa, wani danfo ya fara kiran Obalende.